Hannun Inna a Bangon Baba Malam

Ranar wata kasuwar Yankara, da kakar shekarar da na shiga aji uku, Baba ya dawo gida yana tura keke yana dariya shi kaɗai, mujallar coci naɗe cikin aljihunsa. Ko buhun gishirin bai sauke ba ya ƙwala wa Inna kira. A shafin tsakiya an buga hoton taron zumuntar mata, ga Innarmu nan a layin gaba, ta rungume tulun kiɗa, hannunta bisa bakinsa. Matan gidanmu suka bar sussuka suka yo caa, kowacce na goge ƙaiƙayi a zane kafin ta taɓa. Inna ta rufe fuska don kunya. Hotonta ke nan na fari, kuma shi ne na ƙarshe, domin da damina ta rasu wajen haihuwa.

Mu 'yan gidaje kaɗan ne Kirista a ƙauyenmu, can bayan Ruwan Godiya, kuma kowane gida ya sayi fitowar wannan watan. Baba ya adana tamu cikin akwatin ƙarfe. Na sauran gidajen kuwa, da an gama karantawa sai su faɗo hannunmu, mu yara. Mu yi jirgi da su, mu ƙunshe gyaɗa da fara in za mu kiwon awaki, mu bar iska ta watsa sauran.

Nan muke gamuwa da Baba Malam, maƙwabcinmu, limamin unguwa, dogon tsoho mai ɗingishi. Bai iya karatun boko ba, amma ya sa Baba ya nuna masa yadda ake rubuta sunan Allah, ya riƙe siffarsa. Duk takardar da ya gani a ƙasa sai ya duƙa da ƙyar, ya hure ƙasar, ya duba, ya ninke, ya cusa a tsagar bangon zaurensa. "Ku 'yan Lahadi," in ji shi, "sunan wanga ba a barinai ƙasa, ko wa ya rubuta shi." Mu kuwa sai mu laɓe bayan rumbu muna kwaikwayon ɗingishinsa, shi kuma ya yi kamar bai gan mu ba.

Da 'yan bindiga suka matsa, garin ya watse. Sun ƙone ɓangarenmu, abin da ke cikin akwatin Baba ya zama toka. Baba Malam ya ƙi tashi, aka tsinci gawarsa a gona. Ni ina Funtuwa da aure, ina ta cigiyar fitowar mujallar mai hoton Inna a coci-coci, ba wanda ya ajiye. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne fuskar Inna ta fara ɓace mini. In na rufe ido ina ganin kallabinta, ina jin muryarta, amma tsakiya wayam. Ranar da ɗiyata ta tambaye ni da wa kakarta ta yi kama, sai na tuna da bangon Baba Malam.

Bara na matsa wa yayana ya kai ni ƙauyen a babur, da rana tsaka. Ba zakara, ba ƙarar turmi, ciyawa ta cinye dandalin da muke gaɗa. Zauren Baba Malam ya rufta, bango ɗaya ya rage, tsagoginsa cike da takardu. Na riƙa zaro su ina warwarewa, wasu na marmashewa a hannuna. Can na sami hoton, rabin shafi, yagar yaro ta bi ta wuyan matan layin gaba. Fuska babu. Sai tulu, da hannun Inna bisa bakinsa, da tabon ƙunar da ke bayan babban yatsanta.

Yayana ya ce ya ji kamar ƙarar babura, mu tafi. Na taka zan hau, sai na ga takardun da na zubar warwatse cikin ciyawa. Wallahi ƙafata ƙin tafiya ta yi. Na duƙa na tsince su, ina hure ƙasar, na mayar da su tsagoginsu, yana ta faɗa.

Yanzu mujallar a waya take zuwa, hotuna fes, a shafa a wuce. Ɗiyata takan ɗora hannunta gefen wannan rabin shafin ta ce yatsunsu iri ɗaya ne. Fuskar dai ba ta dawo mini ba, da hannun nake gane uwata.