Kukan Goge a Cikin Gitar Yaya Kailu

Ranar Lahadi 9 ga Nuwamba 2025 aka ce mini ka rasu, Yaya Kailu, bayan gajeruwar jinya. Na yi salati, na bi sauran mata muka zauna, amma maganar ba ta shige ni ba. Sai washegari da na bi ta ƙofar shagonka na gyaran gita a nan Filinge. Kullum ampilinka, akwatin ƙara sauti, yana kunne, yana ɗan guna kamar zuma a kogon itace. Ran nan na ji shiru. A nan maganar ta shige ni. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Ni karatuna bai yi nisa ba, amma zaman shagonka ya koya mini abu guda. A ƙarƙashin tsirkiyar gita akwai ɗan ƙarfe mai maganaɗisu da kuke kira mikuro, shi ke ɗaukar sauti ya kai wa ampili. Akwai siriri, mai murya garau. Akwai tagwaye, mai murya da kauri, wanda ba ya guna. Ba ka taɓa ɗaura wa mutum ko ɗaya ba sai ka zaunar da shi a tabarma, ka kashe wuta, ya kaɗa kana saurare ido rufe.

Wani saurayi Buzu ya zo daga Abala da tsohuwar gita. Ya kaɗa, ka saurara, sannan ka ce kiɗansu iska yake so, ka ɗaura masa siriri. Da ya gwada, sai ya ja rawani ya rufe idonsa. Saminu mai kiɗan biki ya ce shi ma irinsa yake so. Ka yi dariya ka ce, "Kai Saminu, da hannunka na mai sussuka? In na sa maka siriri kurmantar da amarya za ka yi." Tagwaye ka ba shi, da shi yake tashe har Baleyara.

Amma gita ɗaya ta gagare ka, taka ta kanka. Babanmu Ɗangoma mai goge ne, shi ke kiɗa a wasan bori na ƙauyenmu a Kurfai. Ya rasu muna ƙanana, gogen ya ruɓe a rumbu. Akwai wani kiɗa da ba na taro ba, wanda yake yi wa Inna Tambara ita kaɗai idan an gama girbi. Inna ta tsufa, jinta yana raguwa. Ta ce maka, "Ɗana, ka jiyar da ni shi tun kunnen bai rufe ba."

Ka ɗaura wa gitarka siriri, ka kaɗa mata. Inna ta ɗora tafin hannu a kan ampili, don yanzu rabin jinta a hannu yake. Ta ce, "Wanga sauro ne." Ka ɗaura tagwaye. Ta girgiza kai. "Wanga ya ƙoshi da yawa. Gogen ubanku da yunwa yake kuka." Ka samo zaren tagulla mai sirantaka kamar gashin wutsiyar doki, ka fara naɗa naka mikuron da hannu.

Har yanzu idan na lumshe ido da rana ina ganinka a ƙofar shago, zaren yana sheƙi tsakanin yatsunka. Bayanka sai in ga bangon ya kau, gonakin hatsi sun miƙe har gindin dutse, Baba yana zaune a inuwar gawo yana jiran ka gama.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya. Ya yafe maka, Ya sanyaya makwancinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Ina yi wa matarka Fiddausi ta'aziyya, da 'ya'yanka Ummul da Ibrah, da dukan makaɗan da ka saurara kafin ka taɓa kayansu. Allah Ya ba mu haƙuri.

Jiya Inna ta ce in matso, ba ta ji abin da na faɗa ba. Kiɗan Baba yana bakina, amma ban iya naɗi ba, kuma ban san wanda zan kai wa ba. Mikuron yana kan teburinka, rabi aka naɗa. Inna ba ta ji kiɗan ba tukuna.

Ƙanwarka, Basiratu.