Iya Kubura Ta Bar Gidanta

Duk wanda ya taɓa shan miyar kuka a unguwarsu a Daura ya san daddawar Iya Kubura. Shekara arba'in tana dafa kalwa tana kirɓawa, har jikokinta ke tsokanarta wai ko an rufe musu ido, da hanci za su nemo ta a kasuwa. Da daddawar nan ta sayi fili, ta gina ɗaki uku da zaure, bayan mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya maza biyu da tsohuwar tabarma. Mace ce mai baki, ko mai unguwa sai ya shirya kafin ya tanka mata. Ba ta san tsoro ba sai da ta haura saba'in.

Babban ɗanta Nu'uman ya rasu a hatsarin mota a hanyar Mai'adua, ya bar matarsa Rahmatu da 'yan mata uku a gidan. Ƙaramin, Yazid, a Kano yake zaune, kuma ko sadakar bakwai ba a yi ba aka gan shi yana zagaya katangar gidan, dillali na biye da shi. Washegari Iya ta yafa mayafi ta tafi wajen Malam Ikrima, tsohon rajistaran kotun shari'a.

"Iya, jikan da ubansa ya riga kakarsa rasuwa ba ya gado in akwai ɗa namiji," in ji Malam. "Kina rufe ido, gida na Yazid ne. Wasiyya kuwa ba ta wuce sulusi."

"To na ba su kyauta, Malam. Ɗauko alƙalami."

"Rubutu ba wuya. Amma kyauta ba ta zama sai an karɓe ta. Tunda ciki kike, sai kin fita kin bar musu, ki shekara a waje. In kika koma da zama kafin nan, ajali ya same ki a ciki, kyauta ta warware."

"Wato ni zan kori kaina?"

"Ke za ki kori kanki, Iya."

Haka aka yi. A gaban shaidu Rahmatu ta karɓi makulli a madadin yara, Iya ta naɗe tabarmarta ta koma gidan ƙanwarta Lami, aka share mata ɗakin ajiyar hatsi. Unguwa ta ɗauki magana, wai suruka ta kori uwar miji. Iya ta bar su, don bakin mutane ba shi ke yanke shari'a ba.

Daga nan tsoro ya kama ta, tsoro sosai. Ba mutuwa take tsoro ba, likkafaninta ma na cikin akwati tun tuni. Tausayin mutane take tsoro. Ta san halin garinsu sarai: tsoho ya kwanta ciwo, sai a ce a mai da shi ɗakinsa, kuma ba a shawara da marar lafiya. Tari ya zo mata, sai ta toshe baki da zane. Jiri ya ɗebe ta, ta ce tuntuɓe ne. Ta sa Rahmatu da Lami suka rantse ko suma ta yi ba za su ɗauke ta ba. Kowane sabon wata sai ta tambayi Malam saura nawa.

A wata na tara, tsakiyar damina, zazzaɓi ya kayar da ita. Kwana biyu ba ta san inda kanta yake ba.

Da ta farfaɗo, hantsi ya dubi ludayi. Ta ɗaga ido, sai ta ga azarar da ita da kanta ta zaɓo a kasuwa, ta ga tagar da ta yi faɗa da magini a kanta. Ashe a gidanta take. Rahmatu na rakuɓe a bakin ƙofa tana kuka. Yazid na zaune kusa da gado da mafici a hannu.

"Sannu, Inna," ya ce a hankali. "Ina raye za ki yi jinya a ɗakin hatsi? Ai na dawo da ke gida."

Iya ta yunƙura za ta miƙe, ƙafafu suka ƙi. Ta zamo daga gadon, ta dafa ƙasa da hannu biyu, ta fara jan jiki zuwa ƙofa.

"Rahmatu," ta ce, "ɗage mini labulen."