Matuƙin da Ya Dawo da Bom Ɗinsa

Ranar kasuwar Attantane za ka tarar da Ƙadri a rumfar masu wake, dogo, furfura ta fara cin gefen kunnensa. Baƙo ba zai taɓa cewa mutumin nan ya tuƙa jirgin yaƙi ba.

Ɗan makiyaya ne. Da ƙyar mahaifinsa ya bari aka sa shi lakwal, wato makarantar boko, sai ga yaro ya wuce Maradi, ya shiga soja, har aka koya masa tuƙin jirgin sama. Da yaƙi da 'yan bindiga ya yi zafi, ya sha tashi da bama-bamai ya zube su inda aka nuna masa, bai taɓa musu ba.

Wata safiya aka tura shi da abokin aikinsa Muniru a jirgi ɗaya, wai abokan gaba sun taru a bakin wata rijiya. Ƙadri ya yi ƙasa-ƙasa ya zaga wurin. Shanu ya gani suna jiran ruwa, raƙumi na jan guga, mata ɗauke da ƙore.

"Ku saki!" in ji kumandan ta rediyo.

"Kumandan, masu shayarwa ne."

"Ba shawararka na nema ba. Umarni ne."

Muniru ya ce, "Ƙadri, korarmu za a yi."

"Ni ke riƙe da jirgin. Ka ce ni na ƙi."

Ƙadri ya juya ya sauka da bama-bamansa cif. Aka tsare shi wani lokaci, aka tuɓe masa kaki, ya dawo gida ya kama noman wake.

Gari ya ɗauka wai tsoro ne ya koro shi. Wasu suka ce wa ya sani, ƙila 'yan bindigar ne suka saje da shanun. Shi ma bai iya rantsewa babu su. Kawunsa Salisu ya same shi a gona.

"Ɗana, ka koma ka ba su haƙuri, ƙila su maida ka."

Ƙadri ya dogara da hauya. "Kawu, haƙurin me? In aka sake nuna mini rijiyar nan, haka zan sake juyowa. Duk mai cewa tsoro ne, ya hau ya saki da hannunsa."

Bai koma ba. Bana 'yarsa Rukaiya ta ce ita ma jirgi take so ta tuƙa. Dangi suka yi ca a kanta. Shi kuwa ya ɗora ta a babur, ya kai ta jarrabawar shiga koyon tuƙin jirgi da kansa.