Galan ɗin da muka bari a zaure

Shekarar da aka kai ni ɗaki Tambuwal, maigidana yana da wata jar mota mai ƙofa biyu, gajeriya har kamar cikinta zai taɓa ƙasa. In ya tayar da ita, karnukan unguwa sai su yi tsit. Ni da na tashi da karatun littattafan soyayya, duk sanda ya buɗe mini ƙofarta sai in ji kamar ni ce yarinyar da ke bangon littafi.

Aibinta ɗaya, shan baƙin mai. Ba ta yoyo, hayaƙinta ma kaɗan ne, amma kullum ya zaro gejin awon mai sai ya ga man ya sauka. Makanikensa ya ce haka irinta suke, kuma ranar da ta bushe injin zai buga, babu gyara. Ga shi ba ta shan na kwalba da masu babur ke saye, sai wani na musamman daga Sakkwato. Don haka galan ɗin man ba ya barin but ɗinta. Kafin kowace tafiya yakan tsuguna ya ɗura mata a hankali, yana shafa ta da tsumma.

Bayan girbi muka je Kebbe gaishe da iyayena. Da za mu komo, Baba ya sa aka ɗauko buhun gero. But ɗin ƙarami ne, sai Baba da kansa ya fitar da galan ya ajiye a zaure, aka cusa buhun. Ya tsaya a bakin mota yana ta sa mana albarka. Na ga maigidana ya kalli zauren sau ɗaya, ya sunkuyar da kai. Kunya ba za ta bar shi ya buɗe bonet a gaban surukinsa ba, balle ya nuna kyautar ta takura shi. Muka tafi.

Mun yi nisa jar fitilar gargaɗin mai ta kama. Ya rage gudu yana lallaɓa ta, ni ina salati a zuci. Can sai ƙarfe ya fara ƙwanƙwasa daga gaba, motar ta yi shiru ta gangara gefen wata gonar dawa.

Na ce masa ai da ya yi maganar galan ɗin, Baba ba zai ji haushi ba.

“Amarya, mutum na yi mini addu’a, in ce mai dakata in ɗauko galan?”

Ya fita ya shimfiɗa mini babbar rigarsa a inuwa, ya tsaya bakin hanya yana tsayar da masu wucewa. Ban taɓa ganin ya yi mini kyau irin na ranar ba.

Injin bai sake tashi ba, masu kayan gyara suka saye ta. Da salla muka koma Kebbe a kan babur. Baba ya tambayi ina jar mota, maigidana ya durƙusa ya ce tana hutawa, sannan ya shiga yabon geron.