Rigar da Babarbare Ya Ƙi Karɓa

Mu ba wasu 'yan ƙwallo ba ne, kada wani ya ɗauka haka. Magidanta ne masu tumbi da furfura, kowa da ciwon gwiwarsa, muke haɗuwa duk Asabar da sassafe a filin wata makaranta da ke gindin dutse a nan Kazaure. Akwai tela, akwai direba, akwai mai kantin magani, da ma'aikatan ƙaramar hukuma, sai ni malamin firamare. Babbanmu wani Alhaji ne da ya yi ritaya, shi ya kawo mana riguna kala biyu, kore da ja. Sai dai mun fi rigunan yawa.

Daga nan al'adarmu ta samo asali. A wurinmu ba a cire mutum daga wasa. Ba mu da koci, ba wanda zai ɗaga maka hannu ya ce fito. Kai da kake ciki kai za ka dubi bakin layi, ka ga ɗan'uwanka tsaye ya ɗaure takalmi, ka tuɓe rigarka da guminta da komai ka miƙa masa. Duk wanda ya ɗaure igiyar takalminsa yana da haƙƙin riga, ko ya iya ko bai iya ba. Wanda ya yi kunnen uwar shegu ya ƙi tuɓewa ba a ce masa uffan a fili, amma in an zauna wajen mai ƙosai zai sha tsiya har kunun ya ƙi shiga.

Ni ɗan baya ne, kuma ba ni da haƙuri, kowa ya san wannan. Abokin karawata kullum wani Babarbare ne mai sayar da hatsi, wanda kakanninsa suka zo daga gabas tun ba a haifi iyayenmu ba. Yana bin kasuwar Babura ya saro gero da wake, ya dawo bakinsa cike da lissafin kuɗin sefa da labarin mutanen tsallaken iyaka. Ni kuwa Bafulatani ne, to ka san abin da ke tsakaninmu da Barebari. Bai taɓa kiran sunana ba, sai "Bawana", ni ma haka nake kiransa. In ya sa ja, dole in sa kore, don ba ma yarda mu zauna gefe ɗaya. Yana da wata yanka guda ɗaya tak: ya sauke kafaɗa kamar zai bi dama, sai ya bi hagu. Na san ta kamar yunwar cikina, amma wallahi shekara da shekaru yana ci na da ita. In ya wuce ni sai ya waiwayo yana dariya ya ce, "Fillo, koma ka yi kiwo, wannan ba saniya ba ce!" Ni kuma a zuwa na gaba sai in haɗa shi da ƙwallon in zubar.

Wata ranar kasuwa ya yanke jiki ya faɗi a tsakanin buhuna. Hawan jini ne, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Aka kai shi asibiti a Kano, aka dawo da shi gida, muka yi ta sintirin dubiya. Ranar da na fara ganinsa kwance, baki a karkace, na fita waje na yi kuka kamar mace mai takaba, ban ɓoye ba. Da na koma ciki na ce masa, "Bawana, ashe haka Barebari suke da raki?" Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya yi mini daƙuwa. Nan na san yana nan.

Damina ta zo ta wuce ba shi a fili. Sai wata Asabar muka hango shi tafe, yana jan ƙafar hagu, hannun a lanƙwashe a ƙirji, takalman ƙwallo rataye a wuya. Ya zauna a kan dutsen da muke ajiye kaya, ya sa takalman, ya kama ɗaure igiya da hannu ɗaya da haƙori. Tela ya durƙusa zai taimake shi, ya ture hannunsa. Wasa ya tsaya cak, muna kallo har ya gama. Da ya miƙe, mutum uku suka tuɓe riga a tare.

To a nan muka ɓata abin, kuma da kyakkyawar zuciya muka ɓata shi. Da ƙwallo ta je ƙafarsa sai kowa ya ja baya. Ba mai tare shi, ba mai kusantarsa, 'yan gefensa kuma suna tura masa ita a hankali kamar ana miƙa wa jinjiri kofi. Alhaji ya matsar da ni can ɗaya gefen, wai kada hali ya motsa. In ya buga ta tafi wani wuri sai a ce, "Kai, madalla, ƙafar na nan!" Ƙarya ce, ƙafar ba ta nan, shi ma ya sani. Na lura ya daina zagina, ya daina dariya, yana shiga ya ɗan jima ya ba wani rigar.

Abin ya kai maƙura ranar da muka ɗauki ƙaramar bas muka tafi Roni buga wasan zumunci da dattawan can. Mutanen kirki ne, sun ji labarinsa, kuma ina jin wani daga cikinmu ya raɗa musu wani abu. Kusan tashi ya karɓi ƙwallo a tsakiyar fili. 'Yan bayansu suka dare gida biyu. Ya ja ƙafa, ya ja, ba wanda ya zo. Golansu ya faɗi gefe tun kafin a buga. Ƙwallo ta gangara cikin raga a hankali, fili ya ɗauki tafi da kabbara, har da masu rungume shi. Shi kuwa ya tsaya yana kallon golan da ke kwance. Sannan ya ja rigar ta kansa da hannu ɗaya, ya ajiye ta a ƙasa, bai miƙa wa kowa ba. A wurinmu ba a taɓa ajiye riga a ƙasa ba.

A bas, a hanyar dawowa, kusa da ni ya zauna a kujerar baya. Muka wuce duwatsun Roni. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Bawana, ka ga yadda kuka yi mini zaman makoki ina tsaye?"

Na ce, "Tausayinka suke ji."

"A gida ma tausayina ake ji. Matata ta tausaya, yara su tausaya, a kasuwa an hana ni taɓa buhu. Wuri ɗaya ya rage mini da ake ture ni in tashi, shi ne na zo. Kai ma, Fillo, da ba ka da imani, ka koma gefe kana sunne kai." Ya juyo ya dube ni, idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Don Allah ran Asabar ka tare ni. Tarewa ta gaske."

Ran Asabar ya sa ja, na sa kore, na koma wurina na da ban nemi izinin kowa ba. Ƙwallo ta zo masa. Na tafi da gudu, na sa kafaɗa, na ɗauke ta. Ban yi masa ƙeta ba, tarewa ce mai tsabta, amma ƙafar ba ta riƙe shi ba, ya tafi ƙasa ta fuska. Salati ya tashi ko'ina. Direba ya shaƙe mini wuyan riga yana cewa ba ni da hankali, Alhaji na ta faɗin, "Malam! Malam, ka ji tsoron Allah!" Ni ma gabana ya faɗi.

Sai muka ji dariya daga ƙasa. Ya juyo rigingine, leɓensa ya fashe, ƙasa ta cika masa gemu, yana ƙyaƙyatawa. "Ɗan banzan Fillo! Mugu, jikan mugu! Ku sake shi, bawana ne, ni zan hukunta abina." Ya hana kowa ɗaga shi sai ni.

Ranar bai ba kowa riga ba har aka tashi. Na ƙwace ƙwallo a ƙafarsa ban san iyaka ba, yana zagina ina ramawa. Kusa da ƙarshe ya fuskance ni, ya sauke kafaɗar dama. Ni da na san ƙafar hagu ba ta da ƙarfi na ce a raina ba zai iya bin hagu ba, na tafi dama gaba ɗaya. Ya bi hagu. Na rantse da Allah ban bar masa ba, cin gaske ya yi mini. Ya buga, ƙwallo ta yi waje nesa da raga, amma ko a jikinsa. Ya waiwayo yana haki ya ce, "Koma ka yi kiwo!" A wajen mai ƙosai ya ci har da ƙari, yana ba kowa labarin yankar kamar ba a gabanmu aka yi ba.

Leɓen nan da ya fashe shi ya kai magana gida. A cikin makon yayansa, dattijo mai mutunci, ya je har zauren Alhaji, aka tara mu. Ya ce, "Ni ba faɗa na zo ba. Yaransa ƙanana ne. In ya sake faɗuwa ya bugi kai fa? Don girman Allah kada wanda ya ƙara ba shi riga. Kuma kada ku gaya masa na zo, zai ƙullace ni." Aka shiga cewa to, in sha Allahu. Ni na ce ban yarda ba. Na ce a kira shi a gaya masa a fuskarsa, ai ba yaro ba ne, ƙafarsa ce ta shanye ba hankalinsa ba. Alhaji ya ce, "Malam, ka yi wa babba ladabi." Na ɗauki hulata na fita. Har yau ban ce dattijon nan ya yi laifi ba, ƙaninsa yake so. Amma raina ya ɓaci, kuma har yanzu in na tuna yana ɓaci.

Asabar ta zo. Ya iso da wuri, yana ta tsokanata tun daga nesa. Ya zauna a kan dutse, ya ɗaure igiya da hannu da haƙori, ya miƙe ya tsaya a bakin layi. Aka fara wasa. Masu ja suka yi ta gudu kamar an biyo su, ba mai duban gefensa. Tela, da ba ya iya minti kaɗan bai nemi hutu ba, ranar harshe a waje yake gudu amma ya ƙi tuɓewa. Wani ya zo a makare, yana ɗaure takalmi aka miƙa masa riga ta gefen Babarbare. Na ga ya bi rigar da kallo.

Na kasa daurewa. Na bar ƙwallo tana tafiya, na tuɓe koriyar rigata, na nufe shi. Alhaji ya ce, "Malam, mun yi alkawari."

Na ce, "Ku kuka yi, Alhaji, ban da ni."

Na miƙa masa. Bai karɓa ba. Ya dubi rigar, sannan ya bi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai, wani na gyara safa, wani na kallon dutse. Ya gane komai, ba sai an faɗa masa ba.

Ya ce, "Mayar da rigarka, bawana. In na sa kore, wa zai tare ni?"

Na ce, "Karɓi, ni sai in nemi ja."

Ya girgiza kai. "Ba mai ba ka ja yau." Ya koma kan dutse ya kwance igiyar da ya sha wahalar ɗaurewa, ya rataya takalman a wuya. Ya yi mana sallama cikin ladabi, irin sallamar da ake yi wa baƙi. Na bi shi da riga a hannu har bakin titi, ya ce in koma, ana jirana. Ya tare mai babur ya hau.

Bai ƙara zuwa fili ba. Ina zuwa wurinsa a rumfar hatsi, mu yi tsiyarmu, amma in na ɗauko zancen Asabar sai ya tambaye ni farashin shanu. Bai faɗi a filin ƙwallo ba, bai bugi kai ba. A kan katifarsa ciwon ya dawo masa, bayan sallar layya ta shekarar da ta biyo, da rana tsaka, aka aiko mini ina aji cewa ya rasu.

Duk 'yan ƙwallonmu sun zo jana'iza, har da mutanen Roni. Da aka idar da salla aka ɗauki makara, na kama gefen hagu ta gaba. Ka san yadda ake yi, ka ɗan taka kaɗan sai wani ya dafa kafaɗarka ka ba shi wuri, kowa ya samu ladan. Tela ya dafa ni, ban saki ba. Direba ya dafa ni, ban saki ba. Kafaɗata ta yi tsami, hawaye ya hana ni ganin hanya sosai. Sai na ji hannun Alhaji, ya ce a hankali, "Malam, ba wa 'yan'uwanka su ma."

Na ce, "Alhaji, ku yi haƙuri, yau ba na canji."

Ban ba kowa ba har bakin kabari.