Sheƙar Gauraka a Taswirar Waya

Har gobe idan na tuna ranar da wayar Hajiya Rabi ta yi ƙara a tsakiyar ruwa, sai gabana ya faɗi. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku saurara.

A lokacin ina malamin daji a fadamar Kirikasamma. Cikin aikinmu har da raka baƙi masu kallon tsuntsaye. An soma yayin manhajar nan ta waya: ka ɗauki hoton tsuntsu, ta faɗa maka sunansa, ta ajiye maka a jerin waɗanda ka gani. Mun ji daɗinta ƙwarai, don ta raba mu da yawo da ƙaton littafi.

Ƙarshen damina oga ya haɗa ni da Hajiya Rabi, wata mai shagon magani daga Kano, wadda burinta ta ga gauraka. Gauraka kuwa ta yi wuya, saboda masu kama 'ya'yanta suna kai wa gidajen manya. Mutum ɗaya na sani da ya san sheƙarta, wani tsohon masunci, Baba Bukar. Da ƙyar ya yarda.

"Malam, amana ce fa. Ko 'ya'yana ban nuna wa ba."

Na ce, "Baba, daga mu sai Allah."

Ya tura kwalekwale cikin ciyawar kacala har muka hango uwar tsaye, 'ya'ya na bin ƙafarta. Hajiya ta ɗauki hoto, ta sa a manhaja. Babu sabis a wajen, ban kawo komai a raina ba.

Muna fitowa sarari sai wayar ta hau ƙara ba ƙaƙƙautawa. Ta duba, ta yi dariya, ta ce masu amfani da manhajar ne suka ga hoton suke yi mata barka. Can sai fuskarta ta canza.

"Innalillahi! Malam, har da wurin ya tafi. Ga ɗigon nan a taswira."

Nan take ta ɓoye wurin a manhajar, ta yi ta ba da haƙuri, amma wa ya san idon da ya riga ya gani? Baba na bayanmu yana tuƙi, bai fahimci komai ba. Sai da muka sauka na yi masa bayani. Bai yi faɗa ba, ya ɗaure kwalekwalensa ya wuce gida.

Na kai wa oga rahoto, na nemi a sa mai gadi. Ya ce, "Ina muka ga ma'aikata? Ka dai riƙa leƙawa."

Ba a yi mako ba aka ce mini wasu baƙi sun zo a babur suna tambayar mai kwalekwalen haya. Na garzaya fadama, sai na tarar da Baba ya gitta kwalekwalensa a bakin hanyar ruwan da ke kaiwa sheƙar, yana zaune da butarsa da carbinsa. Lokacin kifi ne, kowa na can yana jan koma, shi kuwa ya bar tarunsa a rataye. Kullum na je yana nan. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, na koma da fargabata.

Haka ya zauna har 'ya'yan suka yi fiffike. Ranar da suka tashi na je da murnata ina yi masa godiya. Ya dube ni ya ce:

"Sun tsira, alhamdulillahi. Amma baɗi kar ka tambaye ni."

Tun daga nan, duk baƙon da zan raka sai na ga ya kashe alamar wuri a wayarsa da idona kafin ya taka kwalekwale. Ku ma ku riƙe wannan, don mutanen fadama sau ɗaya suke ba ka amana. Gauraka na nan tana sheƙa kowace damina, Baba Bukar ya san inda take. Ni har na bar aiki ban ƙara sani ba.