Tsohuwar Katifa a Kan Sabuwa

A Tamale ba mu da dutse. Ka tsaya a unguwar Zogbeli ka duba gabas ka duba yamma, ba abin da zai tare maka ido sai hasumiyar masallaci. Shi ya sa da na dawo hutu daga jami'a na ce ilmin duwatsu nake karantawa, Baba ya yi dariya har da riƙe ciki. Katifa yake sayarwa, kuma ya daɗe yana so in bar boko in kama masa shago.

"Dutse, a garin nan?" ya ce. "To gwada mini abin da ka koyo. In ban gane ba, ba ka komawa."

Na san Baba ba ya magana biyu. Na shimfiɗa katifu biyu a ƙasa baki da baki, sabuwa cikin ledarta da tsohuwar da yake kishingiɗa a kai da rana. Na ce kowacce nahiya ce, suna matsowa a hankali kamar tsiron farce har su yi karo. Na sa ya danne sabuwar, ni kuma na tura tsohuwar. Da farko bakinsu ya tattare ya yi tudu. Da na ƙara ƙarfi sai tsohuwar ta zame, ta haye kan sabuwar.

"Haka manyan duwatsun duniya suka tashi," na ce ina haki. "Ƙasa ta tsage a karkace, dutsen da ke can ƙasa, wanda ya fi tsufa, ya hau kan na sama."

Baba ya shafa gemu. "Wato tsoho a bisa, yaro a ƙasa?"

"E, Baba."

"To wannan karatu yana da ladabi. Koma. Amma ɗage mini tsumman nan daga kan kayana."

Na koma, na kuma gama. Shekaru suka ja, ƙafafun Baba suka daina ɗaukarsa. Duk Juma'a nakan zo daga gidana a unguwar Vittin in goya shi daga ɗaki zuwa mota, mu tafi masallaci. Ranar farko kunya ta kama shi, ni kuma rashin nauyinsa ya karya mini zuciya. Muna tsakar gida ya kai baki kunnena.

"Tafi a hankali," ya ce. "Yau Tamale ta samu dutse."